Takunkumin makamai a kan Libiya: wa ke gadinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun shekarar da aka kashe Gaddafi nake jin gidajen rediyo suna cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa Libiya takunkumin makamai. Amma direbobinmu masu zuwa Gatrun da Sabha suna dawowa da labarin motocin sulke sababbi fil, kuma kowa ya ji yadda jirage marasa matuƙa suka yi ta ɓarin wuta a Tarabulus. Shin wa aka ɗora wa gadin wannan takunkumi? Majalisar tana da sojojin da ke tare hanya ne, ko maganar fatar baki ce kawai? Wanda ya karya kuma, me ake yi masa?
Daga wani mai karatu a Agadas, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da soja ko ɗan kwastam ko jirgin ruwa ko guda da ta ajiye domin gadin wannan takunkumi. Kwamitin Sulhu ne ke yanke hukunci a New York, sannan ya bar wa ƙasashe aiwatarwa, kowace a tashar jiragenta da filin jirginta da kan iyakarta. Sashe na 25 na Yarjejeniyar Majalisar ya wajabta wa ƙasashe bin abin da Kwamitin ya zartar, wannan babu ja. Amma wajibci a takarda daban, mai tsayawa a bakin ƙofa daban. Idan ƙasar da aka ce ta tsare ƙofa ita ce mai fitar da kayan, ka ga an zo wurin da ake cewa mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Labarin Libiya ke nan tun daga farkonsa.

Ran 26 ga Fabrairu 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1970. Ƙudurin ya hana sayar wa Libiya makami ko kai mata shi, da harsashi da motar soja da kayan gyara da horo da sojojin haya. Ya kuma hana fitar da makami daga Libiya zuwa waje, kuma wannan ɓangaren ne mutane suka fi mantawa duk da shi ya fi shafar ku a Agadas. Bayan makonni uku, ran 17 ga Maris, aka ƙara da ƙuduri na 1973, wanda ya ba da izinin binciken jiragen ruwa a kan teku, ya kuma kafa tawagar ƙwararru masu sa ido. Jiragen yaƙin NATO suka bazu a Bahar Rum suna tare hanya har ƙarshen Oktoba na shekarar. Sai dai a cikin watan Yuni, ana tsakiyar wannan sintiri, Faransa ta amsa da bakinta cewa ta jefa wa 'yan tawaye makamai ta sama a tsaunukan Nafusa. Ta kafa hujja da cewa ƙuduri na 1973 ya yarda a ɗauki duk matakin da ya dace don kare fararen hula. Rasha ta ce wannan keta takunkumi ne ƙarara. Katar ma ta kai nata. Wato takunkumin bai cika wata biyar ba, ɗaya daga cikin masu kujerar dindindin da suka rubuta shi ta riga ta huda shi.

A New York ƙungiya biyu ke kula da lamarin. Akwai kwamitin takunkumi, wanda ya ƙunshi wakilan ƙasashe 15 ɗin da ke Kwamitin Sulhu. Wannan kwamiti ba ya ƙuri'a irin ta masu rinjaye, sai kowa ya yarda ake zartar da abu. Ƙasa ɗaya ta ce a dakata, magana ta kwanta, wani lokaci har shekaru. Sai tawagar ƙwararru, waɗanda ko a lokacin da suka fi yawa ba su wuce mutum takwas ba. Masana makamai ne da harkar kuɗi da sufurin sama da na ruwa. Ba su riƙe bindiga, ba su da ikon kama kowa, ba su iya tilasta wa gwamnati ta ba su amsa. Aikinsu bin sawu: su ɗauki hoton lambar da aka buga a jikin roka, su rubuta wa ƙasar da ta ƙera ta wasiƙa su tambayi wa aka sayar wa, su duba takardar da mai saye ya sa wa hannu cewa shi zai yi amfani da kayan ba zai miƙa wa wani ba, su bi hanyar da jirgin dakon kaya ya bi har inda ya kashe na'urar da ke nuna inda yake. Sau da yawa wasiƙar tasu ko amsa ba ta samu. Aikin ma yana da haɗari. A watan Maris 2019 hukumomin Tunisiya suka kama ɗaya daga cikinsu, Moncef Kartas, a filin jirgin saman Tunis bisa zargin leƙen asiri, duk da Majalisar ta nace cewa yana da kariyar diflomasiyya. Sai a watan Mayu aka sake shi. A tsakanin kama shi da sakinsa ne Khalifa Haftar, kwamandan dakarun gabashin Libiya, ya ƙaddamar da farmakinsa a kan Tarabulus, ran 4 ga Afrilu.

Wannan yaƙi na 2019 zuwa 2020 shi ya tsiraita takunkumin. Ɓangaren Haftar, mai riƙe da Bengazi da gabashin ƙasa, ya samu jirage marasa matuƙa ƙirar Wing Loong na China da na'urorin kakkaɓo jirage ƙirar Pantsir, kuma binciken ƙwararrun ya nuna Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ce ta kai su, tana aiki daga sansanin Al-Khadim a gabas da Bengazi. Jodan ta kai motocin sulke. Sojojin hayar Wagner na Rasha suka shigo, kuma a watan Mayu 2020 rundunar Amurka mai kula da Afirka ta ce Rasha ta kai jiragen yaƙi aƙalla 14 sansanin Jufra, an goge musu tambari. Akwai kuma mayaƙan haya daga Sudan da Chadi. Gwamnatin Fayez al-Sarraj da ke Tarabulus, wadda Majalisar ta amince da ita, ta jingina da Turkiyya: jirage marasa matuƙa ƙirar Bayraktar TB2, motocin sulke ƙirar Kirpi da aka sauke a tashar Tarabulus da rana tsaka a watan Mayu 2019 ana ɗaukar hoto, daga baya kuma mayaƙa daga Siriya. A garin Gharyan, kudu da Tarabulus, da dakarun Haftar suka gudu a watan Yuni 2019, an tarar da makamai masu linzami ƙirar Javelin guda huɗu. Da aka bi lambarsu sai aka ga Amurka ce ta sayar wa Faransa su a 2010. Faransa ta ce nata ne, amma sun lalace, kuma na kare jami'anta ne da ke wurin.

Rahoton ƙwararrun na Disamba 2019 ya ambaci Jodan da Turkiyya da Daular Larabawa da suna, ya ce suna kai makamai a kai a kai, wani lokaci ko ƙoƙarin ɓoyewa ba sa yi. Ran 19 ga Janairu 2020 shugabanni suka taru a Berlin, ciki har da na ƙasashen da ake zargi, suka yi alkawarin mutunta takunkumin. Ba a yi mako guda ba ofishin Majalisar a Libiya ya koka cewa jiragen dakon kaya na ci gaba da sauka da makamai a gabas da yamma. A watan Fabrairu, a Munich, Stephanie Williams, mataimakiyar wakilin Majalisar a Libiya a lokacin, ta ce takunkumin ya zama abin dariya. Rahoton Maris 2021, mai shafi sama da 500, ya yanke cewa sam takunkumin ba ya aiki.

To a kan teku fa, inda ake ganin jiragen yaƙi? Nan ne dokar ta fi sarƙaƙiya, kuma nan ne na fi so ka fahimta. A dokar teku, jirgin da ya fita daga ruwan kowace ƙasa yana ƙarƙashin ikon ƙasar da yake ɗauke da tutarta ne. Soja ba ya hawa jirgin wata ƙasa haka kawai, in ba fashin teku ko cinikin bayi ake zarginsa da shi ba, ko kuma ba shi da tuta. Domin a buɗe wannan ƙofa, a watan Yuni 2016 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri na 2292, ya ba da izinin binciken jiragen da ake da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin suna ɗauke da makamai zuwa Libiya ko daga can. Amma an saƙala sharaɗi a ciki: sai an fara neman yardar ƙasar mai tuta da kyakkyawar niyya. Wannan gajeriyar jimla ita ce ta cinye ƙarfin ƙudurin. Idan an tambaya an yi shiru har wa'adin ya cika, masu sintiri sukan hau. Idan ƙasar ta ce a'a, sai su tsaya.

Tarayyar Turai ce ta ɗauki aikin. Da farko rundunarta ta Sophia, wadda asalinta an kafa ta ne a 2015 don yaƙi da masu safarar baƙin haure. A watan Maris 2019 aka janye mata jiragen ruwa saboda rigimar da Italiya ta tayar kan inda za a riƙa sauke mutanen da aka ceto, sai ya zamana lokacin da yaƙin Tarabulus ya ɓarke babu jirgin ruwan Turai ko ɗaya da ke wannan sintiri. Ran 31 ga Maris 2020 aka maye gurbinta da rundunar Irini, mai hedikwata a birnin Rum na Italiya. Ita ma sai da aka yi ciniki kafin a yarda da ita: Ostiriya da Hangari sun ji tsoron jiragen za su zama masu ceton baƙin haure, don haka aka tura su can gabas, nesa da hanyar kwale-kwale. Ku mutanen Agadas kun ga yadda aka bi dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 da gaske, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, har aka soke ta a Nuwamba 2023. Idan Turai na son a toshe hanya ta san yadda ake yi. A ganina makamai ba su taɓa samun irin wannan himma ba.

Abubuwa biyu da suka faru a 2020 sun isa misali. A watan Yuni wani jirgin dakon kaya mai suna Çirkin, ɗauke da tutar Tanzaniya, ya taso daga Turkiyya da rakiyar jiragen yaƙinta. Jirgin yaƙin Girka na rundunar Irini ya nemi bincike, aka ce masa jirgin na ƙarƙashin kariyar gwamnatin Turkiyya. Jirgin yaƙin Faransa mai suna Courbet, wanda ke sintiri a ƙarƙashin NATO, shi ma ya matso. Faransa ta ce jiragen Turkiyya sun haska shi da na'urar saita makami har sau uku, abin da sojan ruwa ke ɗauka a matsayin gargaɗin ƙarshe kafin harbi. Turkiyya ta musanta, ta ce kayan agaji ne a ciki. Çirkin ya sauke kayansa a Misrata, Faransa ta yi fushi ta janye daga wannan sintiri na NATO. Ka lura Girka da Faransa da Turkiyya, dukansu ukun 'yan ƙungiyar tsaro ɗaya ne, wato NATO.

Na biyu ran 22 ga Nuwamba. Sojojin Jamus daga jirgin yaƙin rundunar Irini mai suna Hamburg suka sauka da jirgi mai saukar ungulu a kan Roseline A, jirgi mai tutar Turkiyya da ya nufi Misrata. An nemi yardar Ankara, sa'o'i huɗu suka wuce har da ƙari ba amsa, suka hau. Suna cikin buɗe kwantenoni sai ƙin yardar Turkiyya ya iso a hukumance. Nan take aka tsayar da bincike. Ba su ga makami ba a inda suka kai ga dubawa, sauran kuma ba wanda ya san abin da ke ciki. Turkiyya ta kira jakadun Turai ta nuna musu ɓacin ranta.

Ba a ce Irini ba ta taɓa kama komai ba. A Satumba 2020 ta tare jirgin dakon mai Royal Diamond 7, wanda ya taso daga Sharjah zuwa Bengazi da man jirgin sama, aka karkata shi zuwa Girka. A Yuli 2022 ta tare Victory RoRo da motoci sama da 100 da aka gyara don aikin soja, a Oktoba kuma ta tare Meerdijk da kimanin 40, duka aka kai su Marseille. Duba tutocinsu: Tsibiran Marshall, Ikwatoriyal Gini, Holan. Babu wadda ta aiko jirgin yaƙi ya raka kayanta.

Gwamnatin Tarabulus da Turkiyya sun yi ƙorafi tun ranar farko cewa Irini ba ta adalci, kuma duk da cewa su ma masu laifi ne, ƙorafin na da tushe. Kayansu ta ruwa mafi yawa ke zuwa. Na Haftar kuwa ta sama suke sauka, a manyan jiragen dakon kaya ƙirar Ilyushin, ko su ratso ta ƙasa daga Masar, kan iyaka mai tsawon sama da kilomita 1,000 wadda babu wani baƙo da ke gadinta. Irini na iya ganin jirgin sama ta na'ura ko ta tauraron ɗan adam, ta rubuta ta aika New York, amma ba ta da izinin tilasta masa sauka. Takunkumin da aka tsare ta gefe ɗaya yakan zama taimako ga ɗaya ɓangaren. An ga haka a Bosniya: ƙuduri na 713 na Satumba 1991 ya hana makamai ga tsohuwar Yugoslabiya baki ɗaya, alhali rumbunan sojan ƙasar suna hannun Sabiyawa, gwamnatin Sarajevo kuwa hannunta kusan wayam. A Nuwamba 1994 Amurka ta daina taimakawa wajen tsare shi.

Batun hukunci kuma, amsar gajeriya ce. Kwamitin Sulhu na iya daskarar da dukiyar mutum ko kamfani, ya hana shi tafiye-tafiye. Bai hukunta ko ɗaya daga cikin ƙasashen da rahotannin suka ambata ba, kuma dalilin a fili yake: Rasha da Faransa suna da kujerar na ƙi, sauran kuma kowace na da uban gida a cikin manyan biyar. Daular Larabawa ma ta zauna a Kwamitin a 2022 da 2023, wato a cikin kwamitin takunkumin kansa. Abin da aka samu daga Tarayyar Turai ne: a Satumba 2020 ta sa takunkumi a kan kamfanoni uku, Avrasya Shipping na Turkiyya mai tafiyar da Çirkin, da Med Wave Shipping na Jodan, da Sigma Airlines na Kazakistan. Masu dako aka hukunta, masu kayan suna zaune.

Makaman da suka fito kudu ba sai na ba ka labarinsu ba. A watan Yuni 2011 sojojin Nijar suka yi arangama da wasu 'yan bindiga a yankin Arlit, suka ƙwace kilo 640 na nakiyar Semtex da ta fito daga Libiya. Mayaƙan Abzinawa da suka yi wa Gaddafi aiki suka koma Mali da motoci da manyan bindigogi, a farkon 2012 arewacin ƙasar ya suɓuce wa Bamako. Ƙuduri na 1970 ya haramta wannan duka, amma gadin ya faɗo ne a wuyan sojan Nijar da na Chadi da na Aljeriya, a hamadar da ka fi ni sani, daga mashigar Salvador zuwa Tummo.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a yage takardar. Takunkumi ba ya tsayar da gwamnatin da ta ƙudura aniya kuma take da mai kare ta, amma yana cizon ɗan kasuwa. Kamfanin jirgi da na inshora da banki suna gudun sunansu ya fito a rahoton Majalisar, don haka kuɗin dako ya ninka, dillalai su ragu, a koma ga tsofaffin jirage da takardun bogi waɗanda suka fi sauƙin ganewa. Rahotannin kuma suna ajiye lambobi da ranaku da sunaye waɗanda kotu za ta iya amfani da su wata rana. Mafi muhimmanci, yana ba ƙaramin jami'i a tasha hujjar doka ta buɗe kwantena ya riƙe ta.

An ga hakan a Legas, ko da yake takunkumin Iran ne ba na Libiya ba. Ƙuduri na 1747 na 2007 ya hana Iran fitar da makamai. A Oktoba 2010 jami'an tsaron Najeriya suka buɗe kwantena 13 a tashar Apapa waɗanda takardunsu suka ce kayan gini ne, suka tarar da rokoki masu faɗin milimita 107 da gurneti da harsasai. An yi lodinsu a Bandar Abbas, ana shirin sake tura su Gambiya. Najeriya ta kai rahoto Kwamitin Sulhu a watan Nuwamba, ƙwararrun Majalisar suka zo suka duba kayan, Gambiya ta yanke hulɗa da Iran, Senigal ta bi sahu a Fabrairu 2011. A 2012 Majalisar ta sa sunan Azim Aghajani, ɗan Iran ɗin da aka kama, cikin jerin waɗanda ta ƙaƙaba wa takunkumi, a watan Mayu 2013 kuma Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure shi shekara biyar tare da wani ɗan Najeriya da suka yi aikin tare.